Kwana uku a Amstadam: abin da na ci, abin da na sha

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da kika nema game da cimar mutanen Holan, domin a watan jiya na hau jirgin ƙasa daga inda nake zaune a Jamus na yi kwana uku a birnin Amstadam.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda suke sarrafa madarar shanu. A kanti na sayi wani abin sha da suke kira karnemelk, lita guda bai kai yuro 2 ba, ina kurɓa kuwa sai na ji ɗanɗanon tsala sak, har na yi kwaɗayin fura. Bambancin kawai shi ne nasu yana cikin kwali, an rubuta ranar da zai lalace, kuma tun daga masana'anta har ya iso hannuna bai rabu da sanyi ba, alhali 'yar Fulanin da ke kawo mana nono takan yi doguwar tafiya a rana da ƙwarya a ka. Nonon namu ya fi ƙamshi, wannan ba na shakka, sai dai nasu yakan yi kwanaki bai canja ba.

A kasuwar Albert Cuyp, wadda take ci tun 1905, mai sayar da cuku ya yanko mini ƙyalle biyu na cukun Gouda in ɗanɗana kafin in saya. Na 'yan makonni yana da laushi da maiƙo, wanda ya shekara kuwa ya yi tauri da gishiri, yana ɓarɓashi a baki, kuma shi ya tuna mini da cukun Buzaye na Agadas, duk da cewa na Holan dunƙule ne mai kauri, ba falle ba.

Ɗanyen kifin da suke kira haring, wanda ake gyarawa da gishiri a barbaɗa masa albasa, na ci rabi na haƙura. Soyayyen kifi mai suna kibbeling ya fi karɓata, haka ma soyayyen dankali da romon gyaɗa, romon da suka samo daga Indunusiya, ƙasar da suka mulka har 1949. Yaji kam babu shi, kuma abincin ranarsu yawanci burodi ne da cuku, a sanyaye.

Sai Musulmi ya riƙa tambaya, domin miyar wakensu ta lokacin sanyi da naman alade ake yin ta. Na fi samun natsuwa a shagunan Turkawa da 'yan Maroko. A kula kuma da shagon da aka rubuta coffeeshop a ƙofarsa, wiwi ake sayarwa a ciki. Ruwan famfonsu ana sha kai tsaye, amma a wurare da dama sun ƙi karɓar tsabar kuɗi, sai da kati na biya, har da mai soya wainar stroopwafel ɗin da na sayo miki.