Disk Management na Windows 11: Ya Wadatar Wajen Raba Faifan Sabuwar Kwamfuta?

Ga mai sabuwar laftof da ke son ware faifan D daga C, wannan manhaja da ta zo cikin Windows ta isa, ba sai an sauko da wata ba. Danna maɓallan Windows da R a tare, ka rubuta diskmgmt.msc. Faifan 512 GB zai nuna kusan 476 GB. Ba cuta aka yi maka ba, lissafin masana'anta da na Windows ne ya bambanta. Danna C da maɓallin dama na linzami (mouse), ka zaɓi Shrink Volume don rage girmansa. Da MB ake rubuta adadin, wato 204800 idan 200 GB kake so, sannan a kan sararin da ka ware ka zaɓi New Simple Volume don ƙirƙirar D, da NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows.

Inda take gazawa shi ne ba ta iya matsar da wasu fayilolin Windows kamar pagefile.sys da hiberfil.sys, don haka sau da yawa sai ta ƙi rage C fiye da rabi alhali sarari na nan fal. Kashe hibernation (dogon barcin kwamfuta) da umarnin powercfg /h off, da tsayar da System Protection (mai ajiye bayanan mayar da Windows yadda take a baya) na ɗan lokaci, yakan buɗe hanya. Extend Volume kuwa, mai ƙara wa ɓangare girma, ba ya aiki sai sararin yana manne da gefen daman ɓangaren, abin takaici, domin ɓangaren Recovery, na gyaran Windows, kan tsaya tsakani. Nan sai a nemi wata manhajar raba faifai kamar GParted.

Kada ka taɓa ƙaramin ɓangaren EFI, da shi kwamfuta ke tashi. Ka adana lambar buɗe BitLocker (makullin faifai na Windows) mai lambobi 48, ka bar wa C aƙalla 150 GB, kuma batir ya cika kafin a ɗauke wuta.