Ƙwace lasisi ko na'urar busawa, wanne zai yi mana aiki a Zamfara?

A Amurka in aka kama direba ya bugu, jihohi da yawa sukan sa masa wata na'ura a mota, sai ya busa numfashi a ciki, in ta ji giya injin ba zai tashi ba. Mutum na ci gaba da neman abincin iyalinsa amma ba ya hawa titi a buge. Wallahi tsarin ya burge ni, sai dai shi ke biyan kuɗin sakawa da na dubawa duk wata.

Ƙwace lasisi kuwa ba tsada, 'yan Road Safety kawai ake buƙata. To amma direbobi nawa ne a hanyar Gusau zuwa Funtua ke da lasisin ma tun farko? Wanda bai da shi me za ka ƙwace, gobe da asuba zai koma tasha ya yi lodi.

Kuma mu nan tun shari'ar 2000 aka haramta giya, abin da ke cin mutanenmu tramol ne da kodin da gudun wuce sa'a, na'urar nan kuma giya kaɗai take ji. Ni dai a riƙe motar, ƙungiyar direbobi ta hana shi lodi har sai an yi masa gwajin ƙwaya.