Kafin ka biya kuɗin manhajar share rajista saboda kwamfutarka ta yi nauyi

Idan kwamfuta ta fara nauyi, ta daɗe kafin ta gama tashi, ka danna Word ka zauna jira, abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne neman magani a intanet. Amsar da ta fi saurin fitowa kuwa ita ce rajistar Windows ɗinka ta cika da shara, ga manhajar da za ta wanke ta. Wasu kyauta ne, wasu sai ka biya dala duk shekara. Tun da kuɗi ne za su fita daga aljihu, ya kamata a san abin da kowace ke yi da abin da ba za ta iya ba. Ni dai matsayina shi ne ban ga dalilin da zai sa a biya ko kwabo don share rajista ba, kuma akwai inda kuɗin nan zai yi maka aikin da za ka gani da idonka.

Rajista kundi ce da Windows ke ajiye saituna a ciki. Wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, wace firinta aka haɗa, me zai tashi idan an kunna kwamfuta, wane hoto ne a fuskar allo, duk suna nan. Ta fara bayyana a Windows 3.1 a 1992, aka faɗaɗa ta sosai a Windows 95. Wanda ya rubuta regedit a wurin nema zai gan ta da rassanta biyar, irin su HKEY_LOCAL_MACHINE mai ɗauke da saitunan na'urar baki ɗaya da HKEY_CURRENT_USER mai ɗauke da na wanda ke amfani da ita a lokacin. Gaskiya ne cewa idan ka cire manhaja takan bar burbushi a ciki, layukan da ke nuni ga fayil ɗin da babu shi yanzu. Waɗannan ne masu sharewa ke nema su goge.

Tambayar ita ce ko burbushin nan ne ke kawo nauyi. A kwamfutocin yau, a'a. Rajista na ɗauke da dubban ɗaruruwan shigarwa, kuma Windows ba ta karanta ta daga farko zuwa ƙarshe duk lokacin da take neman abu, kai tsaye take zuwa inda abin yake. Kamar lambobin da ke cikin wayarka ne: ka goge tsofaffin lambobi ɗari biyu, kiran da za ka yi ba zai ƙara saurin shiga ba. Layukan da mai sharewa zai goge, ko da sun kai dubu, girmansu bai kai na hoto ɗaya da aka ɗauka da waya ba. A zamanin Windows 95 da 98, lokacin da RAM ɗin kwamfutoci da yawa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa, bai wuce megabait 16 ko 32 ba, maganar tana da ɗan tushe, har Microsoft da kanta ta fitar da wata manhaja mai suna RegClean, daga baya ta janye ta. Zamanin ya wuce, tallan ne bai wuce ba.

Yau Microsoft ta bayyana a fili cewa ba ta goyon bayan amfani da irin waɗannan manhajoji, kuma ba ta ba da tabbacin cewa ɓarnar da suka yi za ta gyaru ba tare da an sake saka Windows ba. Dalilin mai sauƙi ne. Manhajar sharewa hasashe take yi. Ta ga layi, ta duba ba ta ga fayil ɗinsa ba, ta yanke hukuncin cewa shara ne. Mai yiwuwa fayil ɗin yana kan filashin da ba a soka ba a lokacin, ko kuma manhajar da ta rubuta layin tana da wata hanyarta ta amfani da shi. Idan hasashen ya yi daidai ba ka samu komai ba, idan ya kuskure firinta ta daina aiki ko Office ya ƙi buɗewa. Ga wanda ke da shagon buga takardu ko ɗalibin da ke tsakiyar rubuta furojet, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Abin da ke kasuwa

CCleaner ita ce aka fi sani, kuma da wuya ka shiga shagon gyaran kwamfuta ba ka tarar da ita a filashin mai gyara ba. Kamfanin Piriform na Landan ne ya yi ta, Avast ta saye shi a watan Yulin 2017. Sashen share rajistarta yana cikin ta kyauta, kuma yana da ladabi idan aka kwatanta da wasu: yana nuna maka abin da ya gano, yana tambayarka ko ya ajiye kwafi kafin ya goge. Wadda ake biya wa kuɗi tana ƙara abubuwa kamar sharewa a kan jadawali da sabunta direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta yi aiki da na'urori irin su firinta), ba wai ta fi iya share rajista ba. Sai dai akwai tarihin da ya kamata mai saye ya sani. A watan Satumban 2017 aka gano cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin kamfanin sun cusa muguwar manhaja a sigar 5.33, kuma kwamfutoci kimanin miliyan 2.27 suka sauke ta daga shafin kamfanin na gaskiya. An gyara matsalar, amma darasin yana nan: duk manhajar da ka ba izinin taɓa cikin Windows, ka buɗe ƙofa ɗaya ke nan. A 2020 kuma Microsoft Defender, manhajar kariyar da ke zuwa da Windows, ta ɗan jima tana yi wa fayil ɗin saka CCleaner ta kyauta alamar gargaɗi saboda wasu manhajoji da ake cusowa tare da ita. Idan za ka yi amfani da ita, amfaninta na gaske yana wajen share fayilolin wucin gadi da tarkacen burauza.

Wise Registry Cleaner aikinta ɗaya ne, rajista. Abin da na yaba mata shi ne tana ajiye kwafi kafin ta goge, kuma tana bambanta abin da take ganin babu haɗari da abin da ba ta da tabbas a kansa. Auslogics Registry Cleaner ma kyauta ce kuma tana da hanyar maido da abin da ta goge, amma ka lura lokacin sakawa, domin tana tallata babbar 'yar'uwarta BoostSpeed wadda ake saye. Glary Utilities da Advanced SystemCare na kamfanin IObit tarin kayan aiki ne a jaka ɗaya, share rajista ɗaya ne daga ciki. Damuwata da irin waɗannan manyan ita ce suna son su riƙa tashi tare da Windows suna aiki a bayan fage. A kwamfuta mai RAM gigabait 4, maganin da kansa ya zama ƙarin kaya.

Akwai biyu da ba sa farautar burbushin rajista kwata-kwata, kuma wannan a wurina abin yabo ne. BleachBit kyauta ce, lambobin gininta a buɗe suke ga kowa, tana share tarkace ba tare da talla ba. PC Manager kuwa ta Microsoft ce, kyauta, tana tattara share faifai da kula da manhajojin tashi a wuri ɗaya.

Sai kashi na ƙarshe, wanda shi ne ya fi cin kuɗin mutane. Kana cikin duba wani shafi sai allo ya yi ja, a ce an gano kurakurai ɗaruruwa a kwamfutarka, danna nan ka gyara. Shafin intanet ba shi da ikon duba rajistarka, don haka adadin nan tun kafin ka zo aka rubuta shi. Ka sauke, ta yi bincike kyauta, ta nuna maka jerin matsaloli, sannan ta ce sai ka biya kafin ta gyara. Daga 1 ga Maris 2018 Microsoft ta sa Defender ta riƙa cire manhajojin da ke tsoratar da mutane don su saya. A Amurka abin ya kai ga hukuma. A 2019 hukumar kare masu saye ta FTC ta sa Office Depot da Support.com sun biya dala miliyan 35 kan wata manhajar duba lafiyar kwamfuta da ke nuna alamun cuta ba bisa ainihin binciken na'urar ba. A watan Maris 2024 kamfanonin Restoro da Reimage da ke Saifurus suka amince su biya dala miliyan 26 kan zargin tsoratar da mutane, musamman tsofaffi, da gargaɗin ƙarya. Waɗannan ba zaɓi ba ne, a guje su. Haka ma kada a nemi wadda aka fasa makullinta don gudun biyan kuɗi, domin ta nan bairos ya fi shigowa.

Wanda duk da haka yake son ya gwada, to ya ɗauki ta kyauta daga shafin kamfanin da ya yi ta, ya karanta kowane allo lokacin sakawa ya cire alamar ƙarin manhajoji, kuma ya hana ta tashi tare da Windows. Kafin ya goge komai ya ƙirƙiri wurin komawa ta System Restore, tsarin Windows da ke mayar da saituna yadda suke a baya idan abu ya ɓaci, ya kuma tabbatar a kunne yake, domin a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa. Wannan ya ƙara muhimmanci tun sigar 1803 ta Windows 10, lokacin da Windows ta daina ajiye kwafin rajista da kanta a foldar RegBack. Idan kuma ya kai ga biyan kuɗi, ya duba ko biyan shekara-shekara ne mai sabunta kansa, kada a ci gaba da cire masa dala daga kati bayan ya manta da manhajar.

Akwai lokacin da taɓa rajista ke da amfani, amma aiki ne na wuri ɗaya. Misali ka cire manhajar kariya ta bar saura, sabuwa ta ƙi sakuwa. Maganin shi ne abin cirewa na kamfanin kansa, irin su Avast Clear ko MCPR na McAfee, ko kuma Revo Uninstaller da ke bin sawun manhaja ɗaya tak. Ko an cire bairos amma duk tashi sai saƙo ya fito cewa an rasa wani fayil. Autoruns, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, za ta nuna maka layin ka kashe shi kaɗai.

Inda nauyin yake

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka dubi layuka uku: CPU (injin da ke sarrafa ayyuka), Memory (RAM) da Disk (faifan ajiya). Wanda ya tsaya kusa da kashi 100 shi ne mai laifi, kuma wannan binciken na minti ɗaya ya fi duk wani bincike da za a sayar maka.

A tsofaffin laftof da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda su ne a hannun yawancin ɗalibai da 'yan kasuwarmu, Disk ne ya fi tsayawa a 100. Faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, a laftof yakan karanta megabait 100 ko kusa da haka a daƙiƙa, kuma ya fi shan wahala idan ana neman ƙananan fayiloli a warwatse, wanda shi ne aikin Windows kullum. SSD, sabon nau'in faifan ajiya, mai haɗin SATA yana kai wa megabait 500, kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa balle a jira shi. Kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi takan koma tashi cikin daƙiƙoƙi. Babu manhajar da za ta ba ka wannan. Mai gigabait 256 ya ishi mai aikin ofis da karatu. Kafin ka saya ka tabbatar ko kwamfutarka mai ɗaukar inci 2.5 ce ko siririn M.2, kuma idan na hannu ne a soka shi a gabanka a duba lafiyarsa da sa'o'in da ya yi yana aiki ta CrystalDiskInfo. Ita wannan manhajar kyauta ce, kuma ya kamata ka duba tsohon faifanka da ita tun yau, domin faifan da ya kusa mutuwa ma nauyi yake fara yi. Idan ta nuna launin rawaya, kwashe takardunka kafin komai.

Idan Memory ne ya cika, RAM ya yi kaɗan. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kuma Chrome kaɗai da shafuka goma zai cinye shi. A kai shi 8. A lura da nau'in, domin DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu laftof ɗin kuma an like nasu a jikin allon ciki, ba a ƙarawa.

Biyu daga cikin dalilan nauyi ba a cika ambatonsu a tallan ƙasashen waje ba, amma mu nan mun san su. Na farko ƙura da zafi. Bayan hunturu fankar laftof kan toshe, a watannin bazara kuma injin ya ɗau zafi, sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Idan fanka na ihu kuma ƙasan kwamfutar na ƙuna, a buɗe a hure ta a sabunta man sanyaya injin. Na biyu caja. Laftof ɗin Dell da yawa kan rage gudu idan ba su gane cajar da aka soka ba ko ƙarfinta bai kai ba, kuma sukan faɗa a saƙo lokacin tashi, mutane su danna su wuce.

Sauran gyaran kyauta ne. A sashen Startup na Task Manager ka kashe duk abin da ba ka buƙata ya tashi da kansa. Ka bar Storage Sense ko Disk Cleanup su share tarkace, musamman idan faifan ya kusa cika. Manhajar kariya ɗaya ta isa, biyu faɗa suke yi da juna, kuma Defender da ke zuwa da Windows ta wadatar wa yawancin mutane. Wanda ke yawan karɓar filashin jama'a ya yi cikakken binciken bairos. Idan kana zargin fayilolin Windows sun lalace, umarnin sfc /scannow zai duba ya gyara.

Abu ɗaya zai iya canza lissafin sayen SSD. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da injin Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Idan kwamfutarka ta girmi haka, SSD zai sa ta yi sauri amma ba zai sa ta cancanci Windows 11 ba. Sai ka auna: ko ka saka SSD mai araha tare da Linux Mint, wadda kyauta ce kuma ake sakawa a madadin Windows, idan aikinka rubutu ne da intanet, ko ka tara kuɗin ka canza kwamfutar. Idan ka zaɓi SSD ɗin, ka ce wa mai gyara ya saka sabuwar Windows a kai maimakon ya kwafo tsohuwar, ya kuma sa tsohon faifan a ɗan akwatin USB ya ba ka abinka.