Ada Foah ko Tsibirin Dodi: Ina Za a Kai Iyali?

Duk lokacin da hutun Sallah ya gabato, 'yan'uwa a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, a ƙasar Ghana, kan tambaye ni inda ya fi dacewa su kai iyali yawon jirgin ruwa.

Ada Foah, inda Kogin Volta ke shiga teku, tana da tsibirai da dama, kuma ƙaramin kwale-kwale mai inji ne ke zagayawa da ku daga wannan zuwa wancan. Farashin ciniki ne, amma wajibi ne maigida ya tabbatar kowa ya samu rigar kariya kafin a tashi. Igiyar tekun wurin tana da ƙarfi ƙwarai, ba na ba da shawarar yara su shige ta.

Dodi kuwa yana cikin Tafkin Volta, wanda ya samu bayan kammala madatsar Akosombo a 1965. Babban jirgi ake shiga, kuɗin tikiti ƙayyadadde ne, sai dai lokacin tashi da dawowa ba a hannunku yake ba. Ruwan tafkin na iya ɗauke da cutar tsargiya, don haka a haƙura da wanka.

Mai tafiya da tsofaffi da jarirai, Dodi zai fi masa sauƙi. Mai samari da ke son sauka a tsibirai daban-daban, Ada ta fi dacewa da shi.