Gargaɗi ga masu ɗaukar kiɗan metal a gida: a yi hattara da mai tallar miksin na awa 24

Jama'a, masu buga jita da masu haɗa kiɗa a ɗaki, akwai wani mutum da ke bin 'yan'uwanmu ɗaya bayan ɗaya a Instagram da Facebook yana cewa shi injiniyan sauti ne, ƙwararre a kan metal, zai yi maka miksin (haɗa layukan kiɗa da murya su daidaita) da mastarin (gogewar ƙarshe ta waƙar da aka haɗa) cikin awa 24, har ma ya gyara maka tsarin waƙar. Ɗan damfara ne. Ban kama suna ba domin sunan shafinsa ba ya daɗewa, yau wannan gobe wancan, kuma hotunan da yake sawa na bayin Allah ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Salon aikinsa ne ba ya canzawa, shi zan bayyana.

Ba ya jira a neme shi. Kana sa ɗan guntun bidiyo kana kaɗa jita, zai faɗo maka ta saƙo da yabo: hannunka na da kyau, waƙar tana da ƙarfi, saura dai sauti, ya ji tausayin yadda ɗauka ta danne maka basira. Mu da muke wannan kiɗa a nan ba mu da yawa, a gida ma kallon mai hayaniya ake yi mana, don haka idan baƙo ya zo da irin wannan zaƙin baki, zuciya takan yi laushi. Daga nan sai ya ce ya yi aiki a situdiyoyin Gothenburg na ƙasar Suwidin, ya turo hoton wani katafaren teburin sauti, ya turo gutsattsarin waƙoƙi biyu-biyu, ɗaya wai kafin ya taɓa, ɗaya bayan ya taɓa. Farashinsa ƙasa yake ƙwarai da na injiniyan gaske. Zai nemi rabi a matsayin kafin alƙalami, kuma zai ce a yi sauri, saura gurbi ɗaya a wannan makon.

Wani ƙanenmu ya biya. Shi ya kawo mini abin da aka dawo masa da shi, muka buɗe a Reaper, manhajar ɗauka da haɗa kiɗa, muka jera shi ƙarƙashin nasa na asali. Tun kafin a kunna, ido ya gama ba da labari. Zanen sautin nasa yana da tudu da kwari, inda ganga ta buga ka ga tsini, inda aka sassauta ka ga ya kwanta. Wanda aka dawo da shi kuwa ya cika layin taf daga farko har ƙarshe, sama da ƙasa a aske. Da muka kunna, gaskiya ne, na biyun ya fi cika kunne. Sai muka sa ma'aunin ƙarfin sauti na Youlean, wanda kyauta ne, muka rage na biyun har ƙarfinsu ya zo ɗaya, muka riƙa sauyawa tsakaninsu ido a rufe. Waƙa ɗaya ce. Jitocin suna nan a cunkushe a tsakiya, bes ba a jin sa, faifan ƙarfen ganga na soke kunne yadda yake da can, sai ma ƙaramar ganga da ta rasa ɗan kuzarin da take da shi saboda matsewa. Babu abin da aka yi wa waƙar illa an tura ta cikin manhajar mastarin mai aiki da kanta, irin wadda BandLab ke bayarwa kyauta, ko kuma an danna mata limita, mai aske tsinin sauti, an ɗaga ƙara.

Dabarar ke nan gaba ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba ya jin duka da ƙaramar murya daidai da babbar murya. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan a ɗakin binciken Bell a Amurka: idan sauti ya yi ƙasa, kunne yakan rasa kauri da kaifi, idan aka ɗaga shi sai su bayyana. Saboda haka duk abin da aka ƙara wa ƙarfi, ko da ɗan kaɗan ne, zai yi maka kamar ya fi kyau. Gutsattsarin nan na "kafin" da "bayan" da yake turowa, haka aka haɗa su. Kuma ƙarar da ka saya ba za ta yi maka amfani ba, domin Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), YouTube ma yana rage wadda ta wuce kima. Za a sauke taka ta zo daidai da ta kowa, abin da zai rage shi ne matsewar da aka yi mata.

Alamar da ta fi kowace tona shi ita ce abin da yake nema daga gare ka. Fayil ɗaya yake karɓa, ko MP3 ne ba ya damuwa, har ta WhatsApp ya ce a turo. Wanda ya karɓi fayil ɗaya ya ce zai yi miksin, ƙarya yake yi. Waƙar da aka riga aka haɗe layukanta kamar miya ce da ta dahu, ba a tsame daddawa daga ciki a mayar da ita kwano. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin raba murya da kiɗa, irin Spleeter da kamfanin Deezer ya fitar a 2019, amma jita mai karkarwa (distortion, ƙugin nan na jitar metal) da faifan ganga suna zaune a wuri ɗaya cikin sauti, rabuwar takan fito da ƙazanta.

Injiniyan gaske kuwa sai ya gajiyar da kai da tambaya kafin ya faɗi kuɗi. Zai ce ka fitar da kowane layi daban, WAV mai bit 24, duk su fara daga daƙiƙa ɗaya don su hau kan juna. Zai tambayi gudun waƙar da wuraren da gudun ya canza. Zai nemi tsurar sautin jita da na bes, wato DI, wanda aka ɗauka kai tsaye daga waya kafin ya bi ta amfilifaya, saboda ya iya sake zaɓar masa murya. Idan gangar ta kwamfuta ce, EZdrummer ko Superior Drummer, zai ce ka ba shi MIDI ɗin, wato fayil ɗin da ke ɗauke da bayanin kowane bugu. Zai tambayi waƙoƙin da kake so taka ta yi kusa da su. Wani ma zai tambaye ka yaushe ka canza tsirkiyar jita, kuma idan amsar ba ta yi masa ba ya ce ka je ka sake ɗauka. Wannan mutumin bai taɓa tambayar ko ɗaya daga ciki ba. Da ƙanen namu ya ce masa ga DI nan ko yana so, amsar da ya bayar ita ce babu buƙata, kayan aikinsa sun wuce nan.

Batun gyaran tsarin waƙa shi ne ya fi ba ni haushi, domin a nan ne yake sayar da abin da babu shi. Matsalar waƙar yaron ba ta miksin ba ce tun farko, kuma ina zaton haka ta mafi yawanmu take. Ya ɗauki jitar rakiya sau ɗaya, ya kwafa, ya jefa ɗaya hagu ɗaya dama. Abu ɗaya a sifika biyu tsakiya yake komawa, ba ya faɗi. Faɗin da ake ji a faya-fayan metal daga buga abu ɗaya sau biyu yake zuwa, ɗan bambancin hannu tsakanin bugun farko da na biyu shi ke buɗe sautin. Ya kuma murɗa karkarwar jita har ƙarshe yana neman nauyi, alhali yawanta ne ke cinye cizon tsinke, sai komai ya zama ƙugi. Nauyin nan da yake nema rabinsa na bes ne. A yanke ƙasan jita daga wajen 80 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri da kaifin sauti), a bar wa bes da babbar ganga wurin, a ɗan rage cunkoson da ke taruwa tsakanin 200 da 400 Hz, a ba babbar ganga ɗan kaifi wajen 3 zuwa 5 kHz don a ji ta lokacin da ƙafa biyu ke gudu. Gangarsa kuma duk bugu an sa shi a 127, ƙarshen ƙarfin MIDI, shi ya sa take tafiya kamar inji. A amshi kuma ya tara jitar rakiya biyu, jitar gaba, madannai (kibod) da murya duk a mataki ɗaya, kowa na danne kowa, kuma baitin da ya gabace shi ma haka yake a cike, don haka amshin ya zo ba a san ya zo ba. Maganin wannan shi ne a cire abu: a bar baiti da jita ɗaya da bes, a ɗaga madannai sama, a bar amshi ya faɗo da kayansa. Duk wannan aiki ne na mai waƙa a kan kwamfutarsa, ko na wanda ya riƙe layukan a hannu. Ba a yin sa daga MP3 cikin dare ɗaya.

Da ka biya na farko, sai kashi na biyu ya biyo baya. Zai ce waƙar ta yi kyau har ya kamata duniya ta ji, yana da mutane masu jerin waƙoƙi a Spotify, a ƙara wani abu ya tabbatar maka da dubban masu sauraro. Duk wanda ya yi maka alkawarin adadin sauraro, na'urori yake nufi ba mutane ba. Spotify ya hana wannan, kuma daga 2024 yana cin tarar kamfanonin rarraba waƙa a kan kowace waƙar da aka kama da sauraron bogi. Su kuma kamfanonin kanka suke juyowa, su sauke waƙar, wani lokaci su rufe asusun. Kai ne da asara, shi ya riga ya karɓi nasa.

Sai kuma "kyauta". Yakan turo mahaɗi ya ce ga tarin fulogin (ƙananan manhajojin sarrafa sauti) masu tsada nan, na Neural DSP da sauransu, an fasa su, ka sauke ka more. Na san jarabar, dala ta yi tsada kuma katin naira ba ko'ina yake shiga ba. Amma a 2019 kamfanin tsaro na ESET ya tona wata muguwar manhaja da aka sa wa suna LoudMiner, wadda ake ɓoyewa cikin fasassun manhajojin kiɗa, tana haƙar kuɗin intanet na Monero da kwamfutar mutum ba tare da ya sani ba. Masu ita sun zaɓi mawaƙa ne da gangan, domin kwamfutocinsu na da ƙarfi, kuma idan fanka ta yi ta ihu sai su ɗauka nauyin aiki ne. Abin da ya fito daga hannun wanda ya riga ya cuce ka sau ɗaya, kada ka buɗe shi. Ba ma dole ba ne: Reaper na ba da kwana 60 na gwaji cikakke, lasisinsa na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, fulogin da ke cikinsa sun isa a yi duk yankan da na ambata, kuma Neural Amp Modeler, mai kwaikwayon amfilifayar jita, kyauta ne na halal.

Akwai haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Ka miƙa wa wanda ba ka sani ba waƙar da ba ta fita ba. Idan ya riga ka ɗora ta ta wani kamfanin rarrabawa da wani suna, ya sa ta a tsarin Content ID na YouTube mai gano waƙar da aka kwafa, ranar da ka ɗora taka kai za a ce ka kwafa. Ana iya ƙalubalanta, amma sai da hujja. Don haka a adana fayil ɗin aikin na asali da kwanakinsa, da tsurar ɗaukar jita, da saƙonnin da aka yi musaya. Waɗanda ke Najeriya suna iya yi wa aikinsu rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa.

Iƙirarin nan na Suwidin kuwa, minti biyar ya isa a rushe shi. Masoya metal mutane ne masu bin ƙwaƙƙwafi. Shafin Encyclopaedia Metallum, wanda ke nan tun 2002, yana rubuta wanda ya ɗauki faya-fayai da yawa da wanda ya yi miksin da wanda ya yi mastarin, shafin Discogs ma haka. Ka ce ya ba ka sunan faifai uku da ya yi wa aiki, ka je ka duba, sannan ka rubuta wa mawaƙan da kanka, ƙananan ƙungiyoyi suna amsa saƙo. Shi dai cewa yake yi akwai yarjejeniyar sirri tsakaninsa da su. Injiniyan sauti da sunansa a bayan faifai yake cin abinci, ba ya ɓoye shi.

Wajen biya ma ana gane shi. Idan ta PayPal ne, zai dage sai an tura ta hanyar 'yan'uwa da abokai, wadda ba ta da kariyar mai saye. Ko ya ce kuɗin intanet na USDT, ko katin kyauta. Ga 'yan Najeriya kuma sai ga lambar asusun naira mai sunan wani daban, wai wakilinsa ne a nan. Mutumin Gothenburg da wakili mai asusun naira! Idan ka ce ba ka gamsu da aikin ba, zai ce sifikarka ce ba ta da kyau. Ka sake magana, ya toshe ka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ta banki ya kira bankinsa nan take ya shigar da ƙorafin damfara, da lambar cinikin da hotunan hirar, domin idan kuɗin ba su bar asusun can ba akwai damar a riƙe su. A kai rahoto EFCC, a kuma kai ƙarar shafin a dandalin da yake. Wanda ya sauke fulogin ɗinsa ya kwashe ayyukansa, ya wanke kwamfutar gaba ɗaya, ya canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban. Wanda kuma saƙon ya zo masa yanzu, ya ce zai turo layuka daban-daban na daƙiƙa 30 daga amshi a yi masa gwaji, kuma zai saurara ne bayan ya daidaita ƙarfin sautin da nasa. Injiniyoyi da dama na yarda da ɗan gwaji irin wannan, wasu kyauta wasu da ɗan kuɗi. Shi wannan, waɗanda suka nemi haka daga gare shi ba su sake jin ɗuriyarsa ba.