Zama takwas da mai ba da shawara ta bidiyo: abin da na gani a kan ɗana

Ranar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, ɗana mai shekara 17 ya faɗi lissafi da kemistiri. Ko hawaye bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, kuma haka muka kwashe wata huɗu: barci da rana, latsa waya da dare, cin abinci a tsaye ƙarfe biyun dare. Kilo 9 ya ƙaru. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kullum bakina yana kan tumbinsa.

Ƙanwata ce ta nuna mini wata manhaja da ake ganawa da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta bidiyo. Na biya kuɗin zama takwas, kowane minti 50, sau ɗaya a mako. A wurin da aka tambayi abin da nake so, na rubuta: ya rage ƙiba, ya koma karatu.

Wanda aka fara haɗa mu da shi bai yi ba. Wa'azin "kai namiji ne, ka daure" ya yi ta yi, yaron ya kashe kyamara. Sai da na aika saƙo uku kafin a sauya mana, aka kuma lissafa wannan zaman cikin takwas ɗin. Wannan ya ƙona mini rai.

Ta biyun ce ta sa nake wannan rubutu. Ta fara da ba shi tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, waɗanda ke auna yadda mutum ya ji cikin mako biyu da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27, yawan maki yawan damuwa. Ya samu 16. Ta ce mini wannan ya wuce ɓacin rai na faɗuwa jarrabawa, alamar ciwon damuwa ce, kuma ita ba likita ba ce, lallai mu je asibiti a duba shi, har da gwajin jini, domin matsalar tayirod (wata gaɓa da ke cikin wuya) da ƙarancin jini ma suna kawo kasala. Muka je, jinin lafiya lau. Ta kuma faɗa mana ƙa'idarta a gabansa: abin da ya gaya mata sirri ne, sai fa idan ya yi maganar cutar da kansa, to a ranar za ta kira ni. Da farko na ji haushi, ni na haife shi ni na biya, a ce ba zan ji ba? Daga baya na gane wannan alkawarin ne ya buɗe bakinsa.

Sai ta juyo kaina. "Mama, sikelin nan ki ɗauke shi, kuma daga yau kada kowa ya ƙara yi masa maganar jikinsa a gidan." Na ce to ƙibar fa? Ta ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun a 2016 ta ja kunnen iyaye kan yi wa matasa maganar nauyi da tilasta musu rage ci, saboda hakan na iya ƙara ƙibar ko ya jefa su matsalar cin abinci. Ta ce mu fara da barci: mai shekarunsa yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci shi kansa yana ƙara yunwa. Waya ta koma kwana a falo. Mako biyu muna rigima a kan haka.

Hanyar da take bi ita ce CBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitan nan Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Yaron zai rubuta tunanin da ya zo masa, sannan ya kawo hujja. Da kansa ya nuna mini shafi ɗaya. A sama ya rubuta "ni daƙiƙi ne", a ƙasa kuma "na ci darussa bakwai cikin tara". Na daɗe ina kallon takardar nan, don ni ma biyun kawai nake ƙirgawa.

Aibun manhajar ba ya ɓuya. Hoto yana yankewa, sau biyu suka ƙarasa da murya kaɗai. Abin da ya fi ban takaici, mai shawara ta hana awo, amma manhajar kullum safiya tana turo masa saƙon ya shigar da nauyinsa. Sai da muka tona cikin saiti muka kashe. Kuma babu mai ɗaga waya da dare, saboda haka duk wadda ɗanta ya fara maganar mutuwa, kada ta jira ranar zama, ta kai shi asibiti.

A zama na takwas makinsa ya sauko zuwa 7. Yana fita tattaki da ƙaninsa da yamma, ya sake rajistar darussa biyun. Nauyinsa ban sani ba, sikelin yana saman kabad. Na biya wasu zama huɗu, da sharaɗin ita ɗin dai za a bar mana.