Sharhi kan kwas ɗin zama kocin motsa jiki ta intanet

Takardar shaidata ta fito, kuma ba zan ce kuɗina sun faɗa ruwa ba. Karatun yana da nauyi, jarrabawar ba ta wasa ba ce, takardar kuma tana buɗe ƙofa. Sai dai duk wanda ya ce maka zama gaban kwamfuta kaɗai zai mai da kai koci, to bai taɓa tsayawa a kan mutum yana ɗaga ƙarfe ba. Kwas ɗin ya cika min kai da ilimi, amma ido da hannu sai da na je na nemo su a wani wuri. Wannan shi ne ra'ayina a dunƙule, sauran bayani ne ga mai niyyar shiga.

Na daɗe ina motsa jiki don kaina, har ta kai abokai na tambayata yadda za su rage tumbi ko su ƙara ƙarfi. Da na so in mai da abin sana'a, tambayar farko da masu gidajen motsa jiki suke yi ita ce: ina takardarka, kuma wa ya ba ka? Kashi na biyu na tambayar shi ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma tallace-tallacen kwasa-kwasai ba sa son ka tsaya a kai.

Intanet cike take da masu raba satifiket. Wasu a zama ɗaya za ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi da littafi a buɗe, a turo maka takarda mai hatimi ta imel. Irin wannan ko a bango ka rataye ta, ba ta da wani tasiri wurin neman aiki. Abin da ake dubawa shi ne ko wata hukuma mai zaman kanta ta tantance jarrabawar. A Amurka hukumar da aka fi sani da wannan aiki ita ce NCCA, kuma manyan ƙungiyoyin da sunansu ya yi fice a fagen suna da jarrabawar da ta amince da ita: ACSM da aka kafa tun 1954, NSCA a 1978, ACE a 1985, sai NASM a 1987. A Birtaniya tsarin matakai ake bi, mataki na 2 na mai koyarwa a ɗakin motsa jiki, mataki na 3 na koci mai horar da mutum shi kaɗai, kuma CIMSPA ce ke kula da ƙa'idojin sana'ar. A nahiyar Turai akwai EREPS, rajistar masu sana'ar horar da motsa jiki. Ni dai kafin in biya ko sisi sai da na tambayi wuraren da nake sha'awar yi wa aiki wace takarda suke karɓa, sannan na shiga shafin hukumar tantancewar da kaina na tabbatar sunan jarrabawar yana ciki. Alamar hukuma da kamfani ya manna a shafinsa ba hujja ba ce, kowa na iya manna hoto.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa: shekara 18, takardar gama sakandare, da shaidar ka koyi taimakon gaggawa na farfaɗo da zuciya, wato CPR, tare da sarrafa AED, na'urar da ke daidaita bugun zuciya da lantarki, kafin ranar jarrabawa.

Da na biya, sai aka buɗe min shafi mai ɗauke da littafi, bidiyoyin darasi, da gajerun tambayoyi a ƙarshen kowane babi. Babukan farko su ne suka fi ba ni wuya, domin ilimin sassan jiki ne zalla. Ƙasusuwa 206 na jikin baligi, tsokoki da inda kowace ta faro da inda ta maƙale, wace ce ke ja, wace ce ke saki a lokacin da ake lanƙwasa gwiwa ko ɗaga hannu sama. Sunayen kusan duk daga Latin suke, ga Turancin littafin mai kauri. A nan ne karatun intanet ya nuna amfaninsa, gaskiya. Hoton jikin mutum da za ka juya shi yadda kake so, ka cire fata ka ga tsoka, ka maimaita bidiyo sau nawa ka ga dama ba tare da malami ya gaji da kai ba. A aji ba ka samun wannan gatan. Wanda yake aiki da rana zai iya karatunsa da dare ko da sassafe, ba mai ƙirga masa makara.

Abin da ya fi sauya min tunani shi ne babin tantance mutum kafin a fara horar da shi. Akwai takardar tambayoyi da ake kira PAR-Q+, wadda ke tambayar ko likita ya taɓa ce maka kana da ciwon zuciya ko hawan jini, ko kana jin ciwon ƙirji, ko jiri na ɗibarka har ka faɗi, ko akwai matsalar ƙashi ko gaɓa da motsi zai iya tsananta ta. Amsa ɗaya ta "e" ta isa ta sa koci ya dakata ya ƙara bincike, wani lokacin ma ya ce sai an kawo izinin likita. Yawancin masu koyar da mutane a gidajen motsa jiki ba tare da karatu ba, ba sa yin wannan tambayar ko kaɗan. Mutum ya shigo yau, gobe an ɗora masa nauyi. Ko wannan babin kaɗai aka ba ni, na ci riba.

Lissafin bugun zuciya ma an warware shi da kyau. Kowa ya san tsohuwar dabarar nan ta cire shekarun mutum daga 220 don ƙiyasta iyakar bugun zuciyarsa a minti. Kwas ɗin ya nuna cewa ƙiyasi ne kawai, ya kuma kawo wata dabarar da Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001: a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208. Ga ɗan shekara 40 duka biyun 180 suke bayarwa, amma ga ɗan shekara 60 ta farko ta ce 160, ta biyu ta ce 166. Sai kuma tsarin Karvonen da ke sa bugun zuciyar mutum lokacin hutu cikin lissafi. Ɗan shekara 40 da zuciyarsa ke buga 70 yana zaune, in ana son ya yi aiki a kashi 60 cikin ɗari, sai a cire 70 daga 180 a samu 110, a ɗauki kashi 60 na wannan wato 66, a mayar da 70 ɗin, ya zama 136. Irin wannan lissafin yana fitowa a jarrabawa, kuma yana da amfani a wurin aiki, musamman da masu manyan shekaru. Haka nan an kafa tsarin horo a kan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Sun kuma ja layi sosai a kan iyakar aikin koci, har na ji kamar maimaicin ya yi yawa, amma daga baya na ga dalili. Koci ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, ba ya tsara wa mai ciwon suga ko ciwon ƙoda abin da zai ci. Zai iya bayanin cewa giram ɗaya na furotin ko na sitaci yana ba da kalori 4, na kitse kuma 9, amma daga nan aikin masanin abinci ne da likita. Mai ciwon gwiwa da ya kumbura a tura shi asibiti, ba a ce "daure, zai sake" ba.

To, inda gizo ke saƙar. Akwai gwajin da ake yi wa sabon ɗalibi: ya tsaya, ya ɗaga hannuwansa sama, ya tsuguna ya tashi a hankali, koci yana kallon ta gaba da ta gefe. A bidiyon kwas ɗin, wanda ake gwadawa saurayi ne mai jiki a murɗe, kuma yana yin kuskuren da gangan, ɗaya bayan ɗaya. In gwiwa ce za ta karkato ciki, sai ta karkato har makaho ya gani, a tsayar da hoton, a zana jan layi, a rubuta tsokar da ta ɗaure da wadda ta yi rauni. Na haddace jadawalin kurakuran da tsokokinsu tsaf. Mutum na farko da na yi wa wannan gwajin ido da ido wani magidanci ne mai aikin ofis, sanye da wando mai faɗi da ya rufe gwiwar gaba ɗaya. Ya tsuguna da sauri, dunduniyarsa ta ɗaga, bayansa ya lanƙwashe, hannuwan suka zubo gaba, duk a lokaci guda, ya miƙe yana haki yana tambayata, "Koci, yaya ka gani?" Babu maɓallin tsayarwa, babu jan layi. Wanne ne tushen matsalar, wanne ne ya biyo baya? Idon sawu ne ya ƙi lanƙwasa har ya jawo sauran, ko ƙugu ne? Jadawalin yana da amsar kowanne shi kaɗai, bai ce komai ba a kan ranar da suka taru.

Kuma ko ka gano, saura faɗa. Littafi zai ce ka umarci ɗalibi ya kunna tsokar ɗuwawu. Faɗa wa wanda bai taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba haka, ka ga yadda zai zuba maka ido. Wani tsohon koci da na riƙa bi ina kallon aikinsa, cewa kawai yake yi, "Tura ƙasa da ƙafafunka kamar za ka raba ta biyu," nan take gwiwoyin su koma daidai. A wurinsa na koyi inda ake tsayawa idan mutum na kwance yana tura ƙarfe daga ƙirji, yadda ake neman izini kafin a taɓa kafaɗar ɗalibi, da yadda ake gane wanda ya gaji da wanda ke shirin suma. Kwas ɗin bai nemi in horar da ko mutum ɗaya ba kafin ya ba ni takarda. A ganina wannan babban giɓi ne, kuma bai kamata talla ta riƙa cewa "ka shirya fara aiki" ba.

CPR ɗin ma haka. Na zaɓi ajin da ake zuwa da ƙafa, kuma na gode Allah da na yi hakan. A rubuce abu ne mai sauƙi: danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 sai hura numfashi 2. Sai ka durƙusa a kan mutum-mutumin roba, malama na cewa ka ƙara zurfi, kafaɗunka sun fara zafi tun ba a je ko'ina ba, sannan za ka san me lambobin suke nufi.

Akwai ƙananan abubuwan da suka ɓata min rai da kamfanin. Tun ranar da na yi rajista saƙonnin talla ba su tsaya ba: ƙarin kwas na abinci, ƙarin kwas na tsofaffi, ragi na musamman da "zai ƙare yau" amma gobe ya dawo. Malamin da aka ce zai riƙa amsa tambayoyi yakan ɗauki kwanaki, amsar kuma sau da yawa lambar shafin littafi ce. Tambayoyin ƙarshen babi sun fi na ainihin jarrabawa sauƙi nesa ba kusa ba, don haka cin su na iya ruɗar mutum. Akwai kuma wa'adin da dole ka zauna jarrabawa a cikinsa, in ya wuce sai ka biya kuɗin ƙarin lokaci, kuma an rubuta wannan da ƙananan haruffa a can ƙasa. Babin neman kwastomomi da tallata kai kuwa, na karanta shi ne don jarrabawa kawai.

Jarrabawar a gida na yi ta, amma kada kalmar gida ta yaudare ka. Mai sa ido yana can yana kallonka ta kyamara. Ya sa na nuna katin shaida, na zagaya da kyamarar ɗakin duka har ƙarƙashin tebur, na cire agogo, na ajiye waya nesa. Ba a yarda kowa ya shigo ba, ba a yarda ka karanta tambaya da murya ba. Da na ɗaga kai ina tunani, sai saƙo ya fito cewa in mayar da idona kan allo. Tambayoyin na zaɓi ne, amma yawancinsu labari ake ba ka: mace mai shekaru kaza, tana shan maganin hawan jini, ga sakamakon gwajinta, me za ka fara yi? Amsoshi biyu sukan yi kama da daidai, ana neman wadda ta fi. Don a san girman irin waɗannan jarrabawoyi, ta NASM tambaya 120 ce cikin awa biyu, ta ACE kuma 150 cikin awa uku. Wanda intanet ɗinsa ko wutarsa ke yankewa, gara ya nemi cibiyar jarrabawa idan akwai, domin katsewa a tsakiya tashin hankali ne da ba ka buƙata a ranar.

Takardar ba ta har abada ba ce. ACE da NASM duk bayan shekara biyu ake sabuntawa, da ƙarin karatu na kimanin awa 20 da shaidar CPR mai rai, ACSM kuma duk shekara uku. Wanda zai yi aiki da kansa, ba ƙarƙashin wani gidan motsa jiki ba, yana kuma buƙatar inshorar da za ta kare shi idan ɗalibi ya ji rauni. Duk waɗannan sai a sa su cikin lissafi tun farko.

Wa zan ba shawarar ya shiga? Wanda ya riga ya saba da ɗakin motsa jiki, yana iya zaunar da kansa ya yi karatu ba tare da an tsaya a kansa ba, kuma Turancinsa zai ɗauki littafin kimiyya. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfe ba, ya fara horar da jikinsa tukuna, ko ya nemi kwas mai haɗa intanet da zuwa aji. Kowanne daga ciki, tun a makon da ya fara babin gwaje-gwaje ya nemi gogaggen koci da zai yarda ya riƙa tsayawa kusa da shi, ya kuma samu 'yan uwa ko abokai masu jiki daban-daban, mai ƙiba da siriri, matashi da dattijo, ya riƙa gwada abin da ya karanta a kansu da nauyi mara yawa, bayan ya cika musu takardar PAR-Q+.